Ku Tambayi Tsohon Ejan: Hayaƙin Jirgi da Layin Tirela

Wasiƙun wannan watan kusan duk a bakin teku suka tsaya. Na zaɓi huɗu. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, ba a jefar ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina shigo da yadi daga Chaina. Ejan ɗina ya ce kuɗin dako ya tashi ne saboda an hana jiragen ruwa ƙona man da suka saba, wai za a tsabtace teku. Mu da muke Kano, wasunmu ko tekun ba su taɓa gani ba, me ya haɗa mu da hayaƙin jirgi? Ba wata dabarar tatsa ba ce kuwa?
Daga wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ejan ɗinka bai yi maka ƙarya ba, rabin maganar dai ya faɗa maka. Mu ejan-ejan mun iya wannan.

Manyan jiragen dakon kaya sun daɗe suna shan baƙin mai, wato guggubin da ya rage a matata bayan an tace fetur da kananzir da gas. Kauri gare shi kamar kwalta, sai an ɗumama shi kafin ya yarda ya bi bututu. Ranar da na fara sauka ɗakin injin wani jirgi a Legas, ban yi minti goma ba na hauro ina share ido, rigata kuwa ta kwana biyu tana wari. Abin da ya fi illa a man nan farar wuta ce. In ta ƙone ta bi iska, ita ke ta da asma da ciwon huhu.

Hukumar jiragen ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IMO, mai mazauni a Landan, ta ce daga 1 ga Janairun 2020 farar wutar da ke cikin man jirgi kada ta wuce kashi 0.5 cikin 100. Kafin nan har 3.5 ake yarda. A wasu ruwayen ma, kamar tekun Baltik da gaɓar Amurka da Kanada, iyakar 0.1 ce. Mai jirgi ya zaɓa: ko ya sayi tataccen mai da ya fi tsada, ko ya ɗora na'urar da ke wanke hayaƙin da ruwan teku. Da yawa daga cikin na'urorin nan cikin tekun suke maida ruwan wankin, an gudu ba a tsira ba ke nan, shi ya sa Singafo ta hana zubar da shi a tasharta. Tsadar kuwa kanka ake ɗora ta, kai kuma ka ɗora wa mai sayen atamfa.

Ka ce me ya haɗa ka. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta ruwa suke tafiya, har da yadinka. Masu shaƙar hayaƙin kuma ka san su: 'yan dako da direbobi da masu shayi da ke kwana a Apapa da Ijora, wajen tashar jiragen ruwan Legas. Je ka ji yaren da akasarinsu ke yi.

To ga rabin da ba a faɗa maka ba. Ɗauko takardun kwantenarka ta ƙarshe, ka ajiye ƙarin kuɗin mai gefe guda, ka ajiye kuɗin jinkiri da kuɗin ajiya a ɗaya gefen. Ni a shekarun da na yi ina fitar da kaya, ba mai ne ya fi sa 'yan kasuwa hawan jini ba, jira ne. Na taɓa zuba ido kwantena ta yi mako uku a ƙasa saboda sa hannu ɗaya tak, mai sa hannun ya tafi biki garinsu da makullin durowa a aljihu. Kullum ta Allah kuɗi na hawa.

Jiran nan kuma shi ne babbar ƙazantar. Jirgin da ya jefa anga yana jiran gurbi ba kashe komai yake yi ba. Janaretocinsa na aiki dare da rana, don akwai mutane a ciki, akwai fitilu da famfuna, akwai kwantenonin sanyi cike da kifi. Mu kuwa mun san jira tun ba yau ba. Waɗanda suka koya mini aiki ba su gajiya da ba da labarin 1975, lokacin da gwamnati ta yi odar siminti fiye da abin da tasha za ta iya saukewa, jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a gaban Legas, wasu har simintin ya daskare a cikinsu. Wannan cunkoson ne ya sa aka gina tashar Tin Can, aka buɗe ta a 1977.

Abin haushin ma shi ne yadda jirgin ke isowa wurin jiran. Tun daga Asiya kyaftin ke sheƙa gudu don ya riga wani kama layi, ya iso ya zauna kwana da kwanaki. Sauri ya haifi nawa. Shan man jirgi ba daidai yake tafiya da gudunsa ba, ninkuwa yake yi. In ya rage gudu da kashi 10 cikin 100, man da zai ƙona a tafiyar gaba ɗaya yakan ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Da tasha za ta iya ce masa tun yana tsakiyar teku, gurbinka ranar Laraba da hantsi, kuma maganar ta tabbata, da ya taho a hankali ya shiga kai tsaye. Wannan gyaran bai buƙaci sabon inji ba, tsari yake so. Don haka ne IMO ta wajabta wa ƙasashe, daga Janairun 2024, su buɗe taga ɗaya ta intanet inda jirgi zai miƙa bayanansa sau ɗaya, maimakon yawo da fayil ofis-ofis.

Saboda haka, Alhaji, in ƙungiyarku ta 'yan kasuwa za ta yi kuka, ni shawarata ta yi shi a kan kwanakin da kaya ke yi a ƙasa. Can ne kuɗinku ya fi zurarewa.

TAMBAYA: Baba, maigidana direban tirela ne, Legas yake zuwa ɗauko kwantena. Akwai lokacin da yake yin wata guda ba mu gan shi ba, ya dawo da tari. Yanzu an buɗe tashar tsandauri a garinmu, ana cewa jirgin ƙasa zai riƙa kawo kaya. Farin ciki zan yi ko fargaba? Kada abincinmu ya tafi.
Daga wata uwargida, Funtuwa

AMSA: 'Yata, Allah ya ba shi lafiya. In tarin bai sake shi ba, ki matsa masa ya je a duba ƙirjinsa, kada ya tsaya a kan maganin kemis.

Watan da kike faɗa na gan shi da idona. A shekarun da cunkoson Apapa ya yi tsanani, tireloli da tankoki kan jeru a kan gadar Ijora har ka kasa hango ƙarshensu. Direba ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, yaronsa na dafa taliya a risho kusa da taya, alwala da ruwan leda. Ba ya iya yin nisa ko da na sallar Juma'a, don layi na iya motsawa taku goma wani ya shige gabansa. Da an ji motsi a gaba sai motoci ɗari su tashi lokaci ɗaya, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, a matsa kaɗan a sake tsayawa. A wannan iskar mijinki yake barci.

A Fabrairun 2021, zamanin Hadiza Bala Usman na shugabantar hukumar tashoshin jiragen ruwa, aka fito da tsarin Eto: mota ta zauna a garejin da aka ware, sai an kira ta ta waya sannan ta nufi ƙofar tasha. Ya rage layi, wannan ba a musu, ko da yake direbobi ba su daina ƙorafin masu cuwa-cuwar tikiti ba. An kuma ƙara jan kwantenoni ta ruwa a kan manyan kwale-kwalen ƙarfe zuwa wurare irin Ikorodu, layin dogon Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 kuma ya shiga har cikin tashar Apapa. Sabuwar tashar Lekki da ta fara aiki a 2023 tana da zurfin mita 16.5, tana karɓar manyan jiragen da Apapa ba ta iyawa, amma an buɗe ta babu layin dogo a cikinta. Ni wannan ya tsaya mini a rai.

Tashar tsandauri manufarta mai kyau ce. Kwantena ta sauka daga jirgi a kulle, ta hau jirgin ƙasa, kwastam su buɗe ta a nan gida. Kaduna ta samu tata a 2018, Kano ta samu ta Dala a Zawaciki a 2023, taku ta Funtuwa a 2024. Jirgin ƙasa ɗaya na ɗaukar abin da tireloli da dama za su ɗauka, da mai kaɗan. Ba sabon ilimi ba ne ma. Tun 1912 dogo ke haɗa Kano da Legas, kuma a kansa dalar gyaɗa ta riƙa sauka zuwa teku. Sai dai tashar tsandauri da babu jirgin da ke zuwa a kan lokaci, katafaren gareji ce kawai da ofishin kwastam.

Abincinku kuwa ba na jin zai tafi. Dogo ba ya shiga Dawanau ya ɗauko riɗi da zoɓo da citta, ba ya kai taki Bakori ko Malumfashi. Wani ne zai yi wannan jigilar, kuma da tirela zai yi ta. Bambancin shi ne tafiyar yini ce, ya dawo ya ci tuwon dare a gida.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce. Na karanta cewa an fara ƙera jiragen ruwa marasa hayaƙi, har da masu tafiya da iska. Gaskiya ne? Yaushe za su iso Afirka?
Daga wata ɗaliba, Maraɗi

AMSA: Gaskiya ne, Malama, amma da sauran tafiya. A 2023 kamfanin Maersk ya fito da Laura Maersk, jirgin kwantena mai iya aiki da man metanol. A shekarar dai aka ɗora wa wani jirgin dakon kaya, Pyxis Ocean, fukafukai biyu masu tsayin mita 37.5 don iska ta taya injinsa. Na yi dariya da na ga hoton, an zagaya an dawo kan filafilan kakanni. A Nowe akwai Yara Birkeland mai aiki da batir, amma gajeren zango yake yi a bakin gaɓa. Kowane sabon mai da tasa matsalar: metanol mai tsabta ya yi ƙaranci kuma da tsada, amoniya guba ce in ta tsiyaya, iskar gas kuma takan sulale ba ta ƙone ba, ta ƙara ɗumama duniya.

Jiragen ruwa ne ke fitar da kusan kashi 3 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma a 2023 ƙasashen IMO suka amince a kai ga share shi wajen 2050. Ki tuna jirgi kan yi shekara 25 ko fiye yana aiki, wanda aka ƙera bana yana nan har lokacin.

Akwai kuma jona jirgi da wutar tasha in ya tsaya, don ya kashe janaretocinsa. Los Angeles ta fara yi wa jiragen kwantena haka tun 2004, Tarayyar Turai kuma ta wajabta shi a manyan tashoshinta daga 2030. A nan yankinmu sai wutar ta samu tukuna. In za a girke janaretan dizal a bakin tasha a ce an ba jirgi wuta, hayaƙin kawai aka sauya wa mazauni.

Da ni ake tambaya, da sai in ce a fara da kankare gindin jirgi. Ƙananan halittun ruwa kan manne masa su yi kirtif, su riƙe shi, ya riƙa shan mai fiye da kima. Ku kuma a Nijar, abin da zai fi taɓa ku yana kan tudu. Kayanku sun saba biyowa ta Kwatano, bayan rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso, hanya ta ƙaru, mai ya ƙaru. Ki sa ido a kan dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, shi ne zai zo ƙofar gidanku.

TAMBAYA: Na je Legas na ga jirgi a tsaye yana ta kwarara ruwa ta gefensa. Ɓulewa ya yi?
Daga wani matashi, Haɗeja

AMSA: Bai ɓule ba, ɗana. Ko dai ruwan sanyaya inji ne, ko ruwan daidaita nauyi. Jirgin da ya sauke kaya yakan ɗebi ruwan teku a tankunansa don kada ya yi tangal-tangal, in zai yi lodi a wata ƙasa sai ya zubar. Matsalar ita ce ruwan na tafe da ƙwayaye da 'ya'yan halittun can. Ta haka wata 'yar ƙaramar kumba ta shiga manyan tafkunan Amurka da Kanada wajen 1988, ta hayayyafa har tana toshe bututun ruwan sha. Kai da ka fito daga Haɗeja ka san abin da kacala ta yi wa hanyoyin ruwanku, ko da yake ita ba jirgi ne ya kawo ta ba. Tun Satumban 2017 yarjejeniyar duniya a kan ruwan nan ta fara aiki, yanzu ana tace shi a kashe abin da ke ciki kafin a zubar. In ka sake zuwa, duba launin ruwan da ke kewaye da jirgin. In ka ga yana ƙyalli kala-kala kamar bakan gizo, wannan mai ne, kuma shi ne ya kamata a kai ƙara.