Tambaya da Amsa: Yadda Kwamfuta Ta Ɓatar da Katin Tsofaffin Sojojin Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tsohon ma'aikacin ɗakin kati ne, shekara 26 na yi ina jera fayil ɗin marasa lafiya kafin in yi ritaya. Kwanaki na ji a rediyo wai gwamnatin Amurka ta zuba biliyoyin daloli don haɗa bayanan lafiyar tsofaffin sojojinta wuri guda, amma abin ya cije. Mu da muke ganin kwamfuta ce maganin ɓatan kati, yaya aka yi ta gagari Amurka? Daga mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara lafiya. Kunnenka bai yi maka ƙarya ba.

Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wadda suke kira VA, tana da manyan asibitoci kusan 170, kuma mutum kusan miliyan 9 ne ke cikin rajistarta. Ba yau suka san kwamfuta ba. Tun ƙarshen shekarun 1970 ma'aikatanta da likitocinta suka fara ƙera manhajarsu da hannunsu, wadda daga baya aka sa mata suna VistA. Likitoci na son ta, don masu aikin ne suka yi ta. Wata nas ce ma a asibitinsu na Topeka ta ga yadda kamfanin hayar mota ke haska lambar nan mai zane-zane, ta ce me zai hana a ɗaura irinta a hannun mara lafiya, a haska ta a haska magani kafin a ba shi. Yau asibitoci da yawa a duniya haka suke yi.

Sai dai kowane asibiti ya riƙa yi wa VistA kwaskwarima daidai da buƙatarsa, har ta zama iri kusan 130. Ga kuma babbar matsalar: soja yana bakin aiki, bayanansa na hannun ma'aikatar tsaro a wata manhaja daban. Ranar da ya tuɓe kaki sai ya koma hannun VA, kuma manhajojin biyu ba sa jin yaren juna sosai. A 2011 ma'aikatun suka ce za su gina guda ɗaya tare. A 2013 suka watsar, bayan an kashe kimanin dala biliyan 1.

Daga nan ma'aikatar tsaro ta sayi manhajar kamfanin Cerner a 2015, VA ta bi sahu a 2018 da kwangilar dala biliyan 10. Dabarar ba laifi: kati ɗaya tun daga ranar da yaro ya shiga soja har tsufansa. Kuma abin ba ƙaramin amfani gare shi ba. Sojojin da suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraƙi da Afghanistan, ciwonsu kan fito bayan shekaru, likitan da ke duba su yana buƙatar sanin inda suka zauna.

A watan Oktoba 2020 aka fara aiki da sabuwar manhajar a asibitin VA da ke garin Spokane. Nan ne nake so ka saurara da kyau, Baba, don aikinka ne.

Likita zai rubuta a yi wa mutum hoton ƙirji, ko a tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Sai ya zaɓi sashen da saƙon zai je daga jerin sunaye a allo. In ya zaɓi sunan da manhajar ba ta haɗa shi da irin wannan aiki ba, ba za ta ce masa uffan ba. A wurinsa saƙo ya tafi. Alhali ya faɗa wani layi da ba a ɗora wa kowa alhakin dubawa ba. Babban mai binciken ma'aikatar ya fitar da rahoto a Yuli 2022 cewa saƙonni sama da 11,000 suka maƙale a wannan layin tsakanin Oktoba 2020 da Yuni 2021, kuma marasa lafiya 149 suka cutu.

Ni ma an taɓa ɓatar mini da kati a wani asibiti. Na tsaya a bakin taga tun hantsi, ina leƙe ina tsaki, har wani dattijo irinka ya ɗaure fuska ya shiga ciki ya zaƙulo shi daga ƙarƙashin fayil ɗin masu haihuwa. Na ji haushi a ranar, amma ai tsayuwata ce ta tona ɓatan. A Spokane babu wanda ya tsaya a taga. Likita na zaton ya aika, sashen bai san an aiko ba, tsohon soja na gida yana jiran a kira shi a waya.

Shi ya sa ban yarda laifin kwamfuta ne kawai ba. An ɗauko manhajar da aka ɗinka wa wasu asibitoci aka sa wa ma'aikatan da suka shekara talatin da tasu hanyar, horon da aka ba su bai wadatar ba, kuma babu wanda aka ce masa: kai, kowace safiya ka buɗe akwatin saƙonnin da ba su da mai su.

Bayan an kai ta asibitoci biyar, a Afrilu 2023 VA ta dakatar da faɗaɗawa don gyara. Kafin nan kamfanin Oracle ya riga ya saye Cerner a 2022, kuma wani ƙiyasi mai zaman kansa ya ce kuɗin aikin na iya kaiwa kusan dala biliyan 50 cikin shekara 28. A Maris 2024 an kunna ta a asibitin haɗin gwiwa na sojoji da tsofaffin sojoji da ke North Chicago, sannan aka tsara ci gaba a 2026, farawa da asibitoci huɗu a jihar Michigan.

In ka samu sarari, Baba, rubuto mana yadda kuke yi da katin da ya zo babu lamba, da wanda ke da alhakin bin sawunsa kafin a tashi aiki. Zan buga shi a wannan fili.