Muryar WhatsApp: abin da ya hana kunun zaƙinki tsinkewa

Salamu alaikum. Ƙanwata, na saurari muryarki. Kin ce yaronki ya tambaye ki mene ne enzayim kin rasa amsa, can ƙarshe kuma kika ce kunun zaƙinki na jiya ya ƙi tsinkewa. Ai maganar ɗaya ce.

Dankalin Hausa ko tsiron shinkafar da ake niƙawa a zuba, akwai enzayim a cikinsu, amilez sunansa. Shi ke daddatsa sitacin gero ya mai da shi sukari, shi ya sa kunu in ya kwana sai ya saki ya yi zaƙi. Irinsa ne a yawunmu, ki daɗe kina tauna burodi ki ji. Aikinsa hanzartawa ne kawai, kuma ba ya ƙarewa, yana gamawa da wannan ya kama wancan. Don haka ɗan kaɗan ya ishi babbar roba.

To ke zafi ne ya cuce ki, na san gaggawarki. Enzayim furotin ne mai siffa ta musamman, sitaci na shiga cikinsa kamar makulli da kwaɗo. Ruwan da ke tafasa ya taɓa shi, siffar ta lalace, ko ya huce ba ta dawowa. Ki dama da tafasasshen ruwa, ki bari ya sha iska, sannan ki zuba ɗanyen ƙullun mai dankalin. Na jikinmu ma a wajen digiri 37 suka fi aiki.

Abin da ke ƙona min rai, yaran nan hadda kawai ake ba su. Da ina koyarwa a wata makaranta nan Tudun Wada, na roƙa a sayi hanta da haidirojin feroksaid, ruwan wanke ciwon nan na kemis, wallahi aka ce babu kuɗi. Hanta fa! Ki ɗiga ruwan a kan ɗanyar hanta, kumfa zai taso nan take, katalez, enzayim ɗin da ke cikin hantar, shi ke raba shi ya koma ruwa da iskar oksijin. A kan dafaffiya kuwa shiru. Yaron da ya ga wannan da idonsa, wace jarrabawar WAEC ce za ta ruɗa shi a nan?

Ki sa a yanko miki 'yar hanta gobe ku gwada tare, amma ke za ki riƙe kwalbar, kada ya kai ido.