Sai Na Hau Dutse Kafin In Samu Hoton Wata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sau uku ina zuwa gindin Dutsen Kufena a daren sha huɗu da kyamarata, gilashina yana zuƙowa har milimita 300. Kullum wata sai ya fito ɗan mitsitsi, fari fat kamar ƙwan lantarki, dutsen kuma baƙi ƙirin. Wani mai hoto ya ce sai na hau can ƙololuwa da tsakar dare, kuma in bari sai hunturu. Gabana na faɗuwa, amma ina son hoton nan. In hau? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka hau, don Allah.

Wannan maganar ta ishe ni, kusan kullum sai an kawo mini ita. Tsakaninmu da wata akwai kimanin kilomita 384,000. Wane kusanci hawan Kufena zai ƙara maka? Kuma idan kana kan dutsen, wane dutse za ka ɗauka? Abin da ke jiranka a can shi ne duhu da macizai, da santsin fa idan damina ce, ga jakar kaya a bayanka. Masu ba da wannan shawarar, wasunsu hoton da suke nunawa haɗi ne: su yanko ƙaton wata su manna a kwamfuta, su sa a Facebook, har su karɓi kuɗin yara wai suna koyar da su. Duba da kyau, za ka ga wata a gaban gajimare, ko a kusurwar da bai taɓa fitowa ba. Yaro ya gani, ya ɗauka gazawarsa ce, ya kama hanyar dutse cikin dare. Wanda ya tura shi yana gida yana barci, alhakin ran yaron kuwa yana wuyansa.

Abin da kake nema yana nesa da dutsen. Girman wata a ido kusan rabin digiri ne ko'ina ka tsaya, dutsen ne ke ƙanƙancewa idan ka ja da baya. Daga kilomita 1, wata zai yi daidai da abu mai faɗin mita 9 a kan dutsen. Daga kilomita 5 kuwa, kusan mita 45. Saboda haka nemi fili a yammacin dutsen, nesa sosai, ka zuƙo har 300 ɗin, kyamara a kan matokari mai ƙafa uku.

Farin nan da kake samu, ai hasken rana ne ke kan wata, kyamararka kuma duhun sama take aunawa, sai ta bar haske ya shiga da yawa. Karɓe ragamar da hannunka: ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) 100, ƙofar gilashi f/11, tsawon lokacin ɗauka 1/125 na daƙiƙa, idan watan ya yi sama. Yana fitowa hasken bai kai haka ba, sai ka ƙara buɗe ƙofar zuwa f/8 ko lambar da ba ta kai 8 ba. Ka shirya da wuri, domin cikin minti 2 yakan gusa da faɗin kansa. Kuma bar tsakar dare. Je ka ranar 13 ga watan Musulunci, ya fito kafin Magariba, dutse na da sauran haske. Kowace rana yana ƙara makara da kusan minti 50. In yamma ta wuce ka, tsaya a gabashin dutsen bayan Asuba, ranar 15 ko 16, ka kama shi yana faɗuwa.

Batun hunturu ma bai faɗa maka daidai ba. Sama ba gajimare, gaskiya ne, amma hazo yakan haɗiye wata a daidai inda kake bukatarsa, ƙasa-ƙasa, ya kuma dusashe dutsen daga nesa. In hazon mara kauri ne, za ka samu jan wata mai kyau. Ni na fi son kaka, Oktoba zuwa farkon Nuwamba: ruwa ya wanke iska, ciyawa ba ta gama bushewa ba. Da damina sai sa'a, yammacin da ruwa ya ɗauke.

Wurin tsayuwarka kuma ba zai zama ɗaya ba duk shekara. Cikakken wata a Disamba daga arewa maso gabas yake fitowa, a Yuni daga kudu maso gabas. Manhajar waya ta PhotoPills za ta ja maka layin inda wata zai fito a taswira. Je ka duba wurin da rana, ka gaisa da masu gonar, ka tafi da abokin rakiya.