Injiniya, kafin ka kwaso kaya zuwa Kaduna

Wani ɗan'uwa ya turo min saƙo daga Manchesta, ya ce kar in faɗi sunansa, toh zan kira shi Injiniya tunda abin da ya karanta kenan. Ga abin da ya ce, na ɗan rage tsawon:

"Salam Malam. Shekarata 48, asalina ɗan Funtuwa ne amma a Kaduna Poly na yi ND da HND ɓangaren lantarki, na gama a 2001. Shekara 15 kenan ina Ingila, ina da takardar zama na dindindin amma ban karɓi fasfo ɗinsu ba. Uwargida tana aikin jinya, yaranmu uku, babbar shekararta 16, auta 7. Malam na gaji wallahi, ko barci na yi Tudun Wada nake gani. Ina so in sayar da gidan nan in dawo Kaduna in buɗe harkar sola, ga Hajiyarmu tsufa ya kama ta, in ina Kaduna ko yaushe zan leƙa ta. Wani abokina ya samo min fili a Millennium City, ya ce in turo kuɗi kafin wani ya riga ni. Me ka gani?"

Wa'alaikumus salam Injiniya, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana mai amfani.

Ni dai ba zan ce maka kar ka dawo ba, a garin nake zaune kuma ina jin daɗinsa, amma akwai abin da na hango a saƙonka da ya sa na ce bari mu bi a hankali. Kai fa ba ɗan Kaduna ba ne, karatu ya kawo ka, kuma Kadunar da kake mafarki ita ce ta lokacin da kake ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ba mata ba 'ya'ya, kuɗin shayi da biredi a bakin get ɗin Poly shi ne babbar matsalarka. Kwanakin baya na bi ta wajen da yamma, ɗalibai cike da titi, na tsaya wurin mai shayi, wani yaro da jaka a baya ya tashi tsam ya ce "Baba ga wuri". Baba fa! Na zauna na sha shayina ban san kowa ba, kowa bai san ni ba, suna ta hirar ƙwallo da waya. Haka za a yi maka, ka shirya ma ranka. 'Yan ajinku kuwa ka ƙirga su, wasu suna Abuja, wasu Legas, wasu sun riga mu gidan gaskiya, wanda ya rage a gari yana fama da kuɗin makarantar yara, ranar da ka sauka zai zo da murna ku yi hira har dare, bayan nan sai a ɗaurin aure ko jana'iza.

Amma bari mu fara da takardu don nan ne mutanenmu suka fi yin asarar da ba ta gyaruwa. Wannan takardar zaman da kuke kira ILR, sunanta ne kawai dindindin, in ka yi shekara 2 a jere ba ka ƙasar ta mutu, sai ka koma neman biza kamar baƙo. Fasfo shi ne ba ya mutuwa. Kuma kar wani ya tsorata ka da cewa za ka rasa zama ɗan Najeriya, sashe na 28 na tsarin mulkin 1999 ya bar wanda ɗan ƙasa ne ta haihuwa ya riƙe biyu. Toh ka nema tun kana can, kuɗin ya haura fam 1,500, ga kuma jarrabawar nan tasu ta sanin ƙasa, amma ko nawa ne ya fi arha a kan shekara 15 ɗin da ka zuba. Ga kuma inda tarkon yake: suna duba kar ka wuce kwana 450 a waje cikin shekara 5 na ƙarshe, kuma kar ka wuce kwana 90 a wata 12 na ƙarshe kafin ka nema. Kenan in ka ce bari in je Kaduna in yi wata huɗu in gwada tukuna, da hannunka ka ɗaga neman naka gaba. Fasfo tukun, gwaji daga baya. Uwargida ma ta yi nata, yaran kuma ka duba ɗaya bayan ɗaya, wanda aka haifa a can bayan ɗayanku ya samu ILR shi dama ɗan ƙasa ne, wanda ya riga takardar zuwa sai an yi masa rajista.

Maganar babbar yarinyar ita ta fi tsaya min a rai. Saura mata kamar shekara biyu ta shiga jami'a, kuma ƙa'idarsu ita ce mai biyan kuɗin 'yan gida da mai samun bashin karatu sai ya kasance yana zaune a ƙasar shekara 3 kafin ya fara. Fasfo kaɗai ba ya wadatarwa. In ka ɗauko ta yanzu, ranar da za ta koma ana iya lissafa ta da ɗaliban waje, kuɗin ya ninka ko ya fi, a fam kuma, kai a lokacin naira kake samu. In kuma a nan za ta yi, ABU ko KASU, toh ga WAEC ga JAMB a gabanta, yarinyar da ba ta taɓa ganin takardarsu ba. Auta ba shi da matsala, wata shida zai fara zagin yaran unguwa da Hausar da ta fi taka.

Fansho ma ka leƙa. Na gwamnatinsu sai kana da shekara 10 na biya kafin ka samu komai, 35 ne cikakke, kai kana wajen 15, kuma sai ka kai 67 ko 68. In kana zaune a Najeriya za su biya ka amma ba sa ƙara shi duk shekara kamar na mazauna can, inda ya fara nan zai daskare. Asibiti kuwa NHS, wato tsarin lafiyar gwamnatinsu na kyauta, na mazauna ne, ranar da ka tattara ka bar ƙasar kyautar ta ƙare ko da fasfonsu a aljihunka. A shekarunmu ɗin nan hawan jini da suga ba sa sallama, ka yi cikakken gwaji kafin ka taho, ka zo ka yi inshorar lafiya, jiha na da tata wato KADCHMA, akwai kuma na 'yan kasuwa. Asibitin Barau Dikko na nan, na sojoji 44 na nan, na Shika na nan a Zariya, likitoci ƙwararru ne amma layi da aljihu su ne labarin.

Ta ɓangarenmu abin da sauƙi: NIN naka da na kowa a gidan don ba a fasfo sai da ita, BVN, da asusun dala ko fam a banki. Yaranka 'yan Najeriya ne ta wajenka, a yi musu koren fasfo a huta da biza.

Yanzu garin kansa. In ka shigo ta Kawo ba za ka gane wurin ba, tsohuwar gadar an rushe an yi sabuwa, a 2022 aka buɗe ta, an faɗaɗa tituna da yawa, Kasuwar Barci da kuke zuwa gwanjo an sake mata gini. Jirgin ƙasa na tashi daga Rigasa zuwa Abuja tun 2016, ka dai san harin da 'yan bindiga suka kai masa ranar 28 ga Maris 2022, ya tsaya wata da watanni kafin ya dawo, har yau mutane na tambayar labarin hanya kafin su fita. Masaƙun Kakuri da ka bari suna numfashi sama-sama, shiru kake ji. Kuma kana nan aka yi rikicin 2000, ka tafi kafin ka ga yadda ya ƙarasa raba gari, yanzu yawanci musulmi na wannan gefen kogi kirista na wancan, abokinka na aji da kuke kwana ɗaki ɗaya sai ka tsallaka gada takanas kafin ka gan shi a Sabon Tasha. Ana zaune lafiya alhamdulillahi, amma in za ka zaɓi unguwa wannan na cikin lissafi, haka ruwa, haka wuta, haka nisan makarantar yara.

Filin nan kuwa Injiniya, don Allah kar ka tura ko sisi. "Kafin wani ya riga ka" ita ce waƙar da ake yi wa duk ɗan waje. Na san wani bawan Allah da ya turo kuɗi daga Jidda, aka tura masa hoton fili har da bulo a kusurwa huɗu, ya zo bayan shekara biyu muka je tare, mun tarar da gini ya kai linta, mai ginin ya fito da tasa takardar shi ma ya zaro tasa, sa hannun mutum ɗaya ne a duka biyun. Har yanzu suna kotu. Ba na ce abokinka macuci ne ba, shi ma ana iya yi masa. Filaye a jihar nan hukumar KADGIS ke riƙe da bayanansu, sai lauyanka, naka na kanka ba na mai sayarwa ba, ya je ya yi bincike a kan lambar fulotin, ka zo ka taka wurin da ƙafarka, in da hali da damina don ka ga inda ruwa ke kwanciya. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ka kama haya shekara ɗaya tukun, Malali ko Unguwar Dosa ko Kinkinau, daidai ƙarfinka, ka tuna a nan kuɗin shekara ake biya a dunƙule ga na ejan ga na lauya.

Sola kam akwai kasuwa, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 janareta ya zama sai wane da wane, 'yan Band A kuma, wato layukan da aka fi ba wuta, tun Afrilun 2024 yunit ɗin lantarki ya haura naira 200. Sai dai ba kai kaɗai ka gani ba, kowane layi akwai yaron da ya koya yana haɗa inbata da batir a rabin kuɗin da za ka faɗa, kuma shi a kan mashin yake zuwa. Inda za ka fi su shi ne manyan ayyuka, asibiti, makaranta, bohol na gona, su kuma biyansu sai ka yi ta sintiri. Ka yi rajistar kamfani da CAC, ka nemi ta COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, ka kuma ware kuɗin cefanen wata 18 da ba ka taɓa shi da sunan jari. Sannan ka koyi cewa a'a, don kwastomominka goma na farko dangi ne da 'yan ajinku, kowa zai ce "saka min Injiniya, ƙarshen wata", kai kuma ana maka kallon mai fam.

Gidan Manchesta in ba dole ba kar ka sayar, ka ba da haya, kuɗin da ke shigowa da fam shi zai riƙe ka ranar da naira ta yi halinta.

Abin da zan yi in ni ne: bana a gama maganar fasfo, baɗi in zo ni kaɗai daga Maris zuwa Yuni, in sha zafin da ƙurar da farkon ruwa, in yi aiki ko biyu ne in ga yadda ake biya, duk Juma'a in wuce ta Zariya in kwana wurin Hajiya, tafiyar awa biyu da wani abu ce. Kafin nan babbar ta kusa shiga jami'a, sai a san wa zai taho wa zai tsaya. In jikin Hajiya ba zai jira ba wannan daban, ka zo ka gan ta ko sati uku ne, bai kai ko kusa da kwana 90 ɗin ba.

Wani abu kuma, saƙonka gaba ɗaya "ina so" "na gaji" ne, ban ji me uwargida ta ce ba, ita da za ta ajiye albashin jinya na can ta zo ta nemi sabunta lasisi a nan. Ka miƙa mata wayar ta karanta wannan, in tana da tambaya ta rubuto da kanta. In ka shigo gari ka neme ni mu je wurin mai shayin nan.