Tambayi Dokta: "Ƙwaya ce ke sa shi dukana, ko dama halinsa ne?"

Assalamu alaikum jama'ar Kumasi da kewaye. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, duka a gidan aure da shaye-shaye, sai na haɗa su wuri ɗaya. Na cire sunaye kamar kullum.

Wata 'yar'uwa daga Aboabo: Dokta dan Allah ka taimake ni. Mijina pragya yake ja, wato keken haya mai ƙafa uku, yana shan wannan jan ƙwayar da ake ce ma red, in ya sha ko in bai samu ba ɗan abu kaɗan sai duka, jiya don koko ya huce ne. Uwarsa ta ce in yi haƙuri ba shi ba ne, ƙwaya ce. Akwai maganin da zan sa masa a abinci ya bari ba tare da ya sani ba?

Ƙanwata sannu, Allah ya kawo miki sauƙi. Maganar sa magani a abinci ki cire ta a ranki gaba ɗaya, babu wani magani da ake barbaɗawa a tuwo mutum ya tashi ya tsani ƙwaya, duk wanda ya sayar miki da shi kuɗinki kawai ya ci, kuma in ya haɗu da abin da ke jikinsa numfashinsa na iya tsayawa, in kuma ya gano ke ce za ki sha wuya.

Red ɗin nan yawanci haɗi ne na tapentadol da carisoprodol, na farko dangin tramol ne amma ya fi shi ƙarfi, na biyu yana sakar da jijiyoyin jiki. A watan Fabrairun 2025 BBC ta yi bincike ta nuna yadda ake shigo da shi daga Indiya har Tamale, daga baya Indiya ta hana yin haɗin. Mai shan sa barcinsa na lalacewa, in ya sake shi jiki ya ɗau ciwo, zuciya ta yi kusa, ga kuɗin cefane da ke tafiya wurin dila, to rigima ba ta nisa. Har nan surukarki tana da gaskiya.

Amma ki tambayi kanki, ranar da ya sha, yana marin mai pragyar da yake kai wa balas da yamma? Yana marin ɗan sandan da ya tsayar da shi a hanya? Ko fasinja ƙato da ya hana shi sidi biyu? A'a. Yana iya danne zuciyarsa tun safe har dare, sai ya shigo ɗaki ya ga wadda ba za ta rama ba. Ƙwaya fetur ce, tana ƙara wa wuta ƙarfi, amma dama akwai wutar. Akwai masu sha da ba su taɓa ɗaga wa mace hannu ba, akwai kuma wanda ko sigari bai sha, sahun farko a masallaci, matarsa na kwana da kumburin ido. Shi ya sa ban yarda ki zauna jiran ya bar ƙwaya kafin ki nemi tsira ba, ciwo biyu ne kuma kowanne da maganinsa.

Abin da za ki yi yau: ki faɗa wa mutum ɗaya a danginki wanda zai tsaya miki, ba wanda zai ce "haƙuri maganin zaman duniya" ya mayar da ke ba. Ghana Card ɗinki, katin inshorar lafiya na NHIS, katin awon yara da ɗan kuɗi a momo, wato asusun kuɗi na waya, su kasance inda hannunki zai kai da sauri. In kin ga ya shigo ido ya juya kar ki tsaya gardama a kusa da wuƙa ko murhu, ki fita tsakar gida inda 'yan haya suke. In abu ya ɓaci ki kira 112.

Wani malamin makaranta daga Asawase: Dokta wai abin nan ƙaruwa yake ko dai Facebook da TikTok ne ke sa muke gani da yawa?

Malam, duka biyun akwai, amma ga abin da aka ƙirga. Binciken lafiya na ƙasa na 2008 ya samu kashi 38.7 cikin ɗari na matan da suka taɓa aure, 'yan shekara 15 zuwa 49, sun taɓa fuskantar duka, ko tilasci a shimfiɗa, ko cin zarafi da baki daga miji. A na 2022 hukumar ƙididdiga ta Ghana ta ba da kashi 41.6, sai dai a nan an haɗa har da waɗanda saurayi gare su ba miji ba, saboda haka ba za a jera su kai da kai a ce ya ƙaru da kaza ba. Abin da za a iya cewa shi ne bai ragu ba a zo a gani, mace biyu cikin biyar kenan, kuma wannan bayan an yi dokar hana cin zarafi a gida tun 2007, wato Act 732. A cikin na 2022 ɗin zagi da wulaƙanci da barazana su suka fi yawa, kashi 35.2, duka 22.7, tilasci 11.2.

Wani abu kuma da ake samu a irin wannan bincike a ƙasashe da yawa, matar da mijinta ke yawan buguwa da giya ta fi shiga haɗarin duka. Mu a zango muna son cewa giya ba matsalarmu ba ce, ni dai da nake ganin hanta a asibiti ba zan rantse ba, barasa irin su bitas da akpeteshi suna shiga ta bayan gida. Kuma wanda ke gudun warin giya shi ne ke jefa tramol cikin lemon ƙara kuzari ya sha a gaban kowa.

Wata baiwar Allah daga Sawaba: Yayata na da ciki wata shida, mijinta ya shaƙe ta shekaranjiya har ta ga duhu, yanzu muryarta ta dishe. Ta ce ba komai tunda ba rauni a wuyan. Kuma an ce fom ɗin polis sai da kuɗi.

'Yar'uwa ki ajiye waya ki kai ta asibiti yanzu, ba gobe ba. Shaƙa sau da yawa ba ta barin alama a fata, ɓarnar a ciki take, maƙogwaro na iya kumbura daga baya, jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa na iya tsagewa ta kawo shanyewar ɓarin jiki bayan kwanaki. Dishewar murya, wahalar haɗiya, jan ɗigo-ɗigo a farin ido, ko in ta saki fitsari lokacin, duk a faɗa wa likita, kuma ta faɗi gaskiya cewa shaƙe ta aka yi, kar ta ce faɗuwa ta yi a bayi. Ga kuma ciki: in ta ga jini, ko mara ta ɗaure tamau, ko motsin yaro ya ragu, mahaifa na iya rabuwa da uwar tafiya, wannan na gaggawa ne, asibitin Komfo Anokye ko na Manhyia, duk wanda ya fi kusa.

Kuma zan faɗa miki abin da ba daɗin ji. Wani bincike a Amurka a 2008 ya nuna matar da mijinta ya taɓa shaƙewa, haɗarin a kashe ta ya ninka fiye da sau bakwai. Ko ya zo da kuka da dattawa da turmin atamfa, kar ta koma ɗakin nan yanzu.

Maganar fom, ku je DOVVSU, sashen 'yan sanda ne na irin wannan, tun 1998 yake, a da sunansa WAJU. Su za su ba da fom a kai wa likita ya cike. Act 732 ta ce wadda aka ci zarafinta tana da haƙƙin magani kyauta, amma gaskiya a aikace sau da yawa ana neman kuɗin cike fom, kuma abin kunya ne gare mu ma'aikatan lafiya, mata da yawa a nan suke janye ƙara. Ku nemi ofishin soshiyal welfeya na asibitin ku yi musu bayani. Kotu kuma na iya ba da odar kariya ta hana shi zuwa inda take, ba sai an raba aure ba. Ku ɗau hoton wuyan da idon yau da gobe ku tura wa wayar wani.

Wani makanike daga Suame Magazin: Dokta ni ne mai laifin. Tramol 225 nake sha saboda aiki, na mari matata gaban yara, na yi nadama. Na gwada bari, kwana biyu kamar zan mutu.

Ɗan'uwa na gode da ka faɗa da bakinka, ba kowa ke iyawa ba. Abin da ka ji ba rashin imani ba ne, jiki ne ya saba: gumi, gudawa, hamma, ciwon ƙashi, rashin barci, wani har firgita. Ka sani wanda hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta amince da shi a Ghana mai miligiram 50 ne da 100, kuma ko a asibiti ba ma wuce 400 a yini, kai biyu kacal in ka haɗiya ka wuce, shi ya sa ake ganin samari na faɗuwa suna farfaɗiya a bakin aiki. Kar ka yanke shi rana ɗaya kai kaɗai, ana rage shi ne a hankali a hannun likita. Ka je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Komfo Anokye, ko ka tambayi nas ɗin lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin unguwarku, zuwa can ba ya nufin hauka, in ana buƙatar kwanciya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Pantang da Ankaful. In ciwon baya ne ya fara kai ka ga ƙwayar, ka faɗa a duba shi shi ma.

Amma marin daban ne, kar ka rataya shi a wuyan tramol. Makonnin farko na bari zuciya ta fi kusa, saboda haka in matarka ta ce za ta je gidansu har ka daidaita, ka bar ta, kar ka aika a matsa mata. In ka ji abin na tasowa ka sa takalmi ka fita. Yaran da suka gani kuma ka zaunar da su ka ce musu kai ka yi kuskure, ba uwarsu ba.

Wani daga Tafo: Ni matata ce ke jifana da abin da ta samu, har da ruwan zafi, amma wa zan faɗa wa ba a yi min dariya ba?

Dokar ba ta ce mata kaɗai ba, binciken ƙasa na 2015 ya samu namiji ɗaya cikin biyar ya fuskanci wani nau'in cin zarafi a gida cikin shekara guda, kuma DOVVSU na karɓar ƙarar maza. Kar ka rama, ka fita, ƙuna kuma ka sa ta ƙarƙashin ruwan famfo minti 20, ban da man goge baki ko ɗanyen ƙwai, sannan ka zo a duba a rubuta. Ka sake rubuto min ko abin ya fara ne bayan haihuwa, ko akwai abin da take sha.