Ga wanda Babansa ya ce kirifto iska ce

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka kuma wallahi na ji ta har cikin raina. Ka ce Baba ya ce maka kuɗin da ba a ƙirgawa da hannu iska ne, kuma duk mai harkar kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, ko ɗan damfara ne ko mai jiran ranar da za a damfare shi, shi ne kake neman yadda za ka gamsar da shi. Babu wanda bai sha wannan maganar ba a cikinmu, har da kallon nan da ake bin mutum da shi kamar wanda aka yi wa asiri.

Da farko ka daina nuna masa farashi. Kar ka sake ce masa Bitcoin ya haura dala 100,000 a Disambar 2024. Ranar da wani ya gaya masa cewa a Nuwambar 2021 ya kai kusan dala 69,000, bayan shekara guda ya rikito zuwa wajen 16,000, ka faɗi ke nan, ba zai ƙara sauraronka ba. Dattijon da ya san kasuwa tambaya uku yake yi a kan kowace haja: wa zai karɓa a hannuna, nawa zai biya, kuma in na matsu yau zan iya fita? Su za ka amsa masa.

Sannan ka yarda cewa rabin maganarsa gaskiya ce. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Mutanen nan sun ga MMM, da ta yi alkawarin ribar kashi 30 a wata ta rufe asusun jama'a a Disambar 2016. Sun ga CBEX, da ta ce za ta ninka wa mutum kuɗinsa cikin kwana 30, ta kife a Afrilun 2025, har fusatattu suka fasa ofishinta a Ibadan. Kuma da USDT, wani kirifto da ake daidaita darajarsa da dala, aka karɓi kuɗin mutane a CBEX, don haka a idon Baba mu da su duk kanwar ja ce. Abin da ke ƙona min rai shi ne masu tallan. Mutum ya san sarai babu wata kasuwa a duniya da ke ninka jari duk wata, amma saboda ladan da ake ba shi a kan kowane mutum da ya jawo, ya bi 'yan'uwansa gida-gida, ya sa zawarawa suka sayar da 'yan kunnensu, 'yan fansho suka zuba kuɗin sallama, matasa suka karɓi kuɗin adashen iyayensu mata. Lambobin da suke gani suna hawa a waya, wani ne zaune yana rubuta su, babu ciniki ko ɗaya a bayansu. Da abin ya rushe sai aka ce musu su ƙara biyan dala 100 ko 200 wai don a tantance su kafin su cire kuɗinsu, wasu kuma suka sake biya. Yau masu tallan nan sun canja lamba, sun buɗe sabon zaure da sabon suna, har da bismilla a saman saƙo. Allah ya isa. Su suka ɓata mana suna, mu ake bari da bayani a gaban iyayenmu.

Mu ma da namu laifin. Shekara nawa aka yi ana gaya wa mutane Pi ɗaya, kirifton nan da ake tarawa a waya, zai zama dala 314,159? Da aka buɗe kasuwarsa a Fabrairun 2025 ko dala uku bai zauna a kai ba, daga baya ya sauko ƙasa da dala ɗaya. Kafin nan an yi watanni ana dannar waya a kan Hamster, wani wasa da aka ce za a biya masu yin sa da kirifto, da aka raba kuɗin a Satumbar 2024 galibin mutane ƙura suka kwasa. Baba yana zaune yana kallon duk wannan. In ka ce masa duk abin da ake kira kirifto yana da daraja, ƙarya ka yi masa.

Don haka ka raba masa su. Bitcoin daban: ya fara aiki a Janairun 2009, ba zai taɓa wuce guda miliyan 21 ba, sabon da ake fitarwa kuma raguwa yake da rabi duk bayan kimanin shekara huɗu, a Afrilun 2024 ya koma Bitcoin 3.125 a duk minti goma ko kusa da haka. Babu kamfani ko gwamnati a bayansa, darajarsa ƙarancinsa ne da yawan masu nemansa, shi ya sa yake hawa yana sauka kamar farashin tumatir. USDT daban: kamfanin Tether ne ke fitar da shi, da alkawarin cewa kowane ɗaya dala ɗaya ce a ajiye. Amanar kamfani ce, kuma kamfanin yana iya daskarar da kuɗin wani asusu in hukuma ta nema. Na uku su ne tarkacen da kowa zai iya ƙirƙira cikin awa guda, waɗanda mafi yawansu ƙarshensu sifili ne. Ka ce masa da bakinka waɗannan iska ne, kamar yadda ya faɗa. Za ka ga ya gyara zama.

Batun "ba a riƙewa a hannu" kuma, akwai abin da ya fi ka sani. Ita kanta kalmar kuɗi asalinta jam'in wuri ce. Kakanninmu sun sayi doki da gona da ƙwanson wata halittar teku da ake kwasowa daga tsibiran Maldib, abin da ba a ci ba a sha. Da Turawa 'yan kasuwa suka riƙa jibgo wuri daga gaɓar gabashin Afirka a ƙarni na 19, sai ya yi yawa darajarsa ta zube, har ta kai ɗaukar kuɗin ya zama aiki. Daga nan aka zo anini da sisi da sule, a 1973 naira ta maye gurbin fam. Ka tuna masa farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Tsohuwar dubu ɗaya tana hannunsa, sabuwa fil, amma mai shayi ya ƙi karɓa saboda an yi sanarwa a Abuja. Takardar ba ta canja ba, yardar mutane ce ta janye. Sai dai kar ka ja wannan misali da nisa, don zai ce maka naira tana da doka a bayanta, da ita ake biyan haraji da albashi. Gaskiyarsa ne, ka ce masa haka ne. In ɗan kasuwa ne akwai misalin da ya fi wannan kama shi: ɗan Kantin Kwari yana ba ɗan canji naira a Wapa, a buga waya, a biya mai kaya a Dubai ko Chaina, takardar dala ko ɗaya ba ta hau jirgi ba. Ya yarda da wannan tun kafin a haife ka.

Amma duk wannan surutu ne, gani ya kori ji. Ka ware naira 20,000 taka, ba tasa ba, ka zauna kusa da shi ku yi komai tare. Ka sayi USDT a P2P, wato sashen manhajar cinikin kirifto inda mutum ke saye kai tsaye daga hannun wani mutum, in dala tana wajen naira 1,500 za ka samu 13 da ɗoriya. Ka nuna masa cewa kafin ka tura nairar, manhajar ta riga ta kulle USDT ɗin mai sayarwa a wurinta kamar yadda dillali ke riƙe kaya har a biya. Sai ka buɗe sabon walet, wato manhajar ajiye kirifto, a wayarsa, shi da kansa ya rubuta kalmomin sirri 12 da walet ɗin zai bayar, waɗanda su ne mabuɗinsa, a takarda, kar a ɗauki hotonsu. Ka tura masa ta layin BEP20, ɗaya daga cikin hanyoyin da ake tura USDT, ka haɗa da BNB, kirifton wannan layin, na kamar dala ɗaya, saboda da shi ake biyan kuɗin turawa, in babu shi USDT ɗin zai zauna a walet ya ƙi motsi. Ban ce ka yi da layin TRC20 ba a wannan gwajin, don a can wani kirifto mai suna TRX ake buƙata kuma turawa ɗaya daga walet tana iya cin 'yan daloli, ga kuɗin kaɗan ne. Adireshin TRC20 da T yake farawa, na BEP20 da 0x, haka ma na wani layin mai suna ERC20 da 0x, a nan mutane ke ruɗewa su zaɓi layin da bai dace ba, kuɗin ya maƙale ko ya salwanta. Ka duba haruffa shida na farko da shida na ƙarshe kafin ka danna, kuma kar ka kwafi adireshi daga jerin tsofaffin mu'amaloli, ɓarayi suna cusa nasu mai kama da naka a wurin.

In ya shiga, ka ɗauki lambar turawar ka buɗe BscScan, shafin da ke nuna duk wata turawa da aka yi a layin BEP20, a wata wayar daban, ta ƙaninka ko ta maƙwabci, ya ga adadin da lokacin sun fito iri ɗaya. Wannan shi ne bambancinsa da lambobin CBEX: littafin a buɗe yake, kowa yana iya dubawa, ba mutum ɗaya ke riƙe da alƙalamin ba. Daga nan shi ya danna ya mayar maka, ka sayar, alat ya shigo asusunka, ku taka wajen mai POS ku ciro takarda, ka damƙa masa ya ƙirga. Ka gaya masa tun farko cewa 20,000 ba za ta dawo cif ba, za a rasa 'yan ɗaruruwa, ƙila har dubu, tsakanin farashin saye da na sayarwa da kuɗin turawa, kamar wanda ya sayi dala a Wapa ya mayar nan take. In ba ka faɗa ba shi ya gano, zai ce ga shi nan an fara cin ka.

Don Allah a ranar kar ka yi gaggawa wajen sayarwa, nan ne ake jin kunya. Kar ka saki USDT saboda saƙon tes ko hoton rasit, ka shiga manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna. Sunan wanda ya turo ya zama shi ne sunan mai sayen da ke kan oda. In wani daban ne ya biya, ka ƙi, don sau da yawa kuɗin sata ne ake wankewa, in mai su ya kai ƙara asusunka za a rufe. Duk wanda ya ce ku koma WhatsApp ku ƙarasa, ka bar shi.

Zai tambaye ka hukuma. A 5 ga Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya (CBN) ya hana bankuna taɓa harkar, a Disambar 2023 ya janye hanin, a Maris na 2025 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar zuba jari da ta sa kadarorin intanet ƙarƙashin SEC, hukumar kula da hannun jari. Tun Agustan 2024 SEC ta ba kamfanonin cinikin kirifto Quidax da Busha amincewar farko. Amma ka ƙara masa da cewa kuɗin banki NDIC, hukumar inshorar ajiyar banki, tana tsaya musu har naira miliyan 5 in banki ya durƙushe, kirifto kuwa babu mai tsaya masa.

In ya kawo batun addini, ka sassauta murya. Malamai sun saɓa: Muftin Masar ya haramta, majalisar malaman Indonesiya a 2021 ta hana amfani da shi a matsayin kuɗi, kwamitin shari'a na hukumar hannun jarin Malesiya kuma a 2020 ya halatta cinikinsa. Kar ka zama mai ba da fatawa a gaban mahaifinka, ku je wajen malamin da ya yarda da shi, ka yi bayanin saye da sayarwa na hannu da hannu. In kuma kana shiga wancan na cin bashi a ninka sau 20 ko 50 ana cacar hawa da sauka, to ka fara gyara wannan, don ba ni da abin da zan kare ka da shi.

Ko ya gamsu, kar ka karɓi kuɗinsa ka juya masa, ko da shi ya nema. Akwai kuma tambayar da dattawa ke yi wadda yawancinmu ba mu da amsarta: in ka faɗi ka mutu, ina magada za su ga wannan dukiyar? Banki ana zuwa da takardar kotu a karɓa, walet kuwa in kalmomi 12 ɗin nan sun tafi da mai su, babu alƙalin da zai iya buɗe shi. Ka rubuta naka a takarda biyu da sunan walet ɗin da layin da kuɗin suke, ka liƙe su a ambulan, ka ajiye ɗaya inda kake ajiye takardun fili, ka gaya wa Baba inda ɗayar take.