Amsa ga mai tambaya kan forge da cast da mould da carve

Malam, ka ce ƙamus ya cakuɗa maka kalmomin nan huɗu. Wallahi tambayarka ta fama min tsohon miki, don da biyun farko aka cuce ni.

Forge ƙira ce: a zuga ƙarfe ya yi ja, a ɗora shi kan uwar maƙera a yi ta duka, ba tare da ya narke ba. Cast kuwa zubi ne, sai ƙarfen ya zama ruwa a kwarara shi cikin mazubi. Aikin masu tukwanen alminiyom na Panteka a Kaduna ke nan, alminiyom ɗin na narkewa a wajen digiri 660.

Wani dila ne ya kawo min ƙugiyar ɗaga inji a gareji, ya rantse forged ce, har a rasit ya rubuta. Muna cikin sauke injin wata babbar mota sai ƙugiyar ta karye ƙas, injin ya faɗo, saura ƙiris ya murƙushe ƙafar yarona. Na ɗauki guntun, cikinsa toka-toka, tsaki-tsaki: ƙarfen zubi ne tsantsa. Da ƙirarre ne, da lanƙwashewa zai fara yi ka gani ka kauce. Na koma wurinsa jikina na rawa, ya dube ni ya ce ai duk Turancin ɗaya ne. Mutumin da muke tsayuwa sahu ɗaya a masallaci! Ko sannu bai aiko wa yaron ba. Kuɗina ba su dame ni ba, wannan kallon ne har yau ya tsaya min a rai.

Mould shi ne mazubin kansa, kuma da shi ake faɗin sarrafa abu mai laushi, yumɓu ko roba ko buga bulo. 'Yan Amurka mold suke rubutawa. Carve sassaƙa ce, ragewa ake yi, irin ta turmi da akushi. Idan jarrabawa za ka rubuta, cast ba ta ɗaukar ed. Forge kuma tana nufin yin sa hannun jabu, kada ta ruɗe ka.

Don Allah, idan kaya za ka saya, kada ka tsaya ga rasit, nemi tambarin da aka buga a jikin ƙarfen da nauyin da zai iya ɗauka. Kuma kada ka yarda yaranka su tsaya ƙarƙashin inji a rataye, ko da ƙugiyar sabuwa ce fil.